Hannun Baba a Gindin Fure

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana kula da lambun wani otal a bakin babban titi, har ma'aikata suka manta sunansa, kowa sai Baba Mai Lambu. Ni kuma a ɗakin wankin otal ɗin nake aiki. Tagarmu tana kallon fangulan furen da ke ƙofar shiga, don haka ina guga ina hango ƙeyarsa.

Baba akwai taurin kai, Allah ya sani, kuma a wurinsa na gado. Bai yarda da maganin feshi ba ko kaɗan. Busasshen ganye yake tarawa da ciyawar da aka yanke, ya shimfiɗa a gindin shuka don ƙasa ta riƙe danshi. To, inda danshi ya haɗu da inuwa, nan cinnaka ke son kafa gida. Shi kuwa yana da hanyarsa ta gano su. Kullum da safe sai ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya cusa hannu ƙarƙashin ciyawar, ya ɗaga kai sama yana jira. In ya ji cizo sai ya ce, "Yauwa, ga masu gida." Ya janye ciyawar da manjagara don rana ta shiga, ya barbaɗa toka, ya yi ta kwarara ruwa kwana uku a jere har su kwashi ƙwansu su ƙaura. In bai ji komai ba, ya goge hannu a wando ya matsa gaba, ko kallon hannun ba ya yi. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce ita dai ta auri abincin cinnaka.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce yana da ciwon suga. Ya sha magani wata biyu, ya ce ai ya warke. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza. Daga baya ni ma na gaji na zuba masa ido, kuma wannan abin yana cin raina har yau.

Bana furen ya fara lalacewa. Ganye yana nannaɗewa, ƙasa ta yi huji-huji a gindi, wasu saiwoyin ma a waje. Ran nan wata baƙuwa ta tsaya ɗaukar hoto a bakin fangali, cinnaka suka hau mata ƙafa, ta ƙwala ihun da muka ji har ɗakin wanki. Manaja ta sa aka kira Baba. Ba muguwar mace ba ce, tana ganin girmansa, amma a gabana ta faɗa masa:

"Baba, na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ba su tafi ba zan kira kamfanin feshi, kuma su ba sa karɓar aiki rabi-rabi. Lambun gaba ɗaya za su riƙe."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, babu cinnaka a fangalina. Kullum sai na duba. Daga titi matar nan ta kwaso su."

Ni ma na goya masa baya, har na harari Manaja. Yo wa ya fi Baba sanin cinnaka?

Tun daga ranar ya ƙara himma. Yana fitowa tun kafin masu shara, ya bi fangali goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya a durƙushe. Ya ce ƙishi ne ke damun furen, sai ya ƙara musu ciyawa mai kauri har wuyan kara. Fure kuwa sai ƙara mutuwa yake.

Saura kwana biyar wata ya ƙare, na kai masa shayi da safe. Na same shi a fangalin ƙofa, hannu cikin ciyawa, kai a sama. Ya daɗe a haka, sannan ya zaro hannun ya ce, "Kin gani ko? Lafiya lau."

Wayyo Allah! Hannun baƙi ƙirin yake da cinnaka, tun daga farce har wuyan hannu, sun kafa kai suna cizo. Fatar duk ta kumbura, ga tsofaffin tabo, ga sababbi. Shi kuwa yana murmushi, zai goge a wando.

Na riƙe hannun. Wallahi na so in karkaɗe su in yi shiru, in bar shi da murmushinsa. Amma na ce, "Baba, duba."

Ya kawo hannun kusa da idonsa, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya sa ɗayan hannun ya mintsini bayan wannan da ƙarfi, bai ji komai ba. Ashe ciwon sugan nan ya kashe masa jin hannun. Ya kalle ni ya ce, "Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ashe ƙarya na yi wa Manaja."

Bai jira ƙarshen wata ba. Ya wanke manjagararsa, ya jingine ta a sito, ya shiga ofis da takalminsa mai laka, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye makullin sito a teburin Manaja ya ce ta kira masu feshin. Abu ɗaya ya roƙa, kada su yi feshi da hantsi, lokacin ne ƙudan zuma ke kan fure. Manaja ta ce to, ba ta iya ɗaga ido ta kalle shi ba.

Na nemi izini na raka shi gida. Muna shiga ya zauna a bakin gado, na dafa ruwa na sirka, na zuba gishiri kaɗan, na kawo a roba. Na kama hannun na tsoma, ina wanke cizon a hankali, hawaye na ɗiga mini cikin ruwan. Ya daɗe yana kallon yatsunsa a ƙasan robar.

Can ya ce, "'Yar nan, ruwan nan mai zafi ne ko mai sanyi?"