Gyaɗar Hajiya cikin farar cakulet

Na dawo aiki na tarar da Romel, ɗan Filifin da muke ɗaki ɗaya a Doha, yana narka farar cakulet zai kwarara kan gugguru da biskit mai gishiri, wai na Kirsimeti.

Sai na ɗauko gyaɗar da mahaifiyata ta aiko min ta hannun wani ɗan kallon Kofin Duniya. Rabona da gida tun korona.

Romel ya ce, "Ɗan'uwa, ita kenan ta rage maka fa."

Na ce, "Zuba kawai. Hajiya ba ta soya wa mutum ɗaya."

Da cakulet ɗin ta daskare na ɓalla na tauna, na lumshe ido. Sai ga ni a tsakar gidanmu a Funtuwa, ina jin ƙarar kaskonta.

Ku wane ɗanɗano ke kai ku gida?