Alamar Kawu a Ƙofar Masallaci

Sana'ata rubutu da fenti. Na daɗe ina rubuta allunan shaguna da bayan motocin haya na trotro a unguwar Asawase, shi ya sa da kwamitin masallacin unguwarmu suka fasa matakala ɗaya suka zuba gangaren siminti saboda nakasassu masu keke, ni suka kira in zana alamar da za a kafa a wurin. Liman ya ce a waje za a kafa ta, kuma kada in yi wa zanen ido ko baki.

Na ɗauka aikin rabin yini ne. Na duba waya na kwafo irin wadda ake gani a asibiti, farin mutum a kan keke cikin shuɗin fenti. Tun bai gama bushewa ba na kai wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda cutar shan inna ta taɓa tun yana ƙarami. Gyaran rediyo da fanka yake yi a shagonsa na bakin kasuwa, kekensa kuma mai ƙafa uku ne, irin wanda ake murzawa da hannu.

Ya dubi allon, ya karkata kai, sai ya kwashe da dariya.

"Allah ya ba shi lafiya. Wane ne?"

"Ku ne, Kawu. Wato masu keke."

"Ni? Dube shi fa, ya sandare yana jiran a turo shi. Ɗana, ka taɓa ganin ana tura ni? Jiya ma na wuce trotro a hanyar Akwatia Line, direban yana kallona."

Ya ce in ɗauko fensir. Ya fito titi, ya duƙa gaba, ya shiga kai da komowa a gaban shagon, ni kuwa ina tsugune ina zane. Maƙwabta suka fito suna tafi, Kawu yana ƙara gudu. Zanen da ya fito, mutum ne ya karkata gaba, hannuwansa a kan mamurji, kamar mai sauri kada sahu ya wuce shi.

Cikin masu kallo akwai Hajiya mai wake da shinkafa, wadda ke dogara sanda. Ta leƙo takardar ta ce, "To mu fa? Ni na fi kowa murna da gangaren nan, gwiwoyina sun daina shiri da matakala. In na ga keke kaɗai, sai in ce ba da ni ake ba."

Na ƙara mace mai sanda da mayafi. Na farko ta ce buhun gawayi na zana. Na biyu ta ce na tanƙwara ta da yawa, ita ba ta kai nan ba tukuna. Sai a na uku ta gyaɗa kai, ta zubo mini abinci har da ƙwai.

Ranar Juma'a aka kafa allon. Ina tsaye gefe ina jin daɗi, sai ga abokin Kawu, wani makaho mai sayar da tazbi. Ya ji ana ta yabo, ya miƙa hannu ya shafa allon daga sama har ƙasa.

"Sumul," in ji shi. "An ce ka yi ƙoƙari, na yarda. Amma ni katako kawai na ji."

Kunya ta kama ni, ban ko tuna da shi ba. Washegari na je wurin kafinta muka yanko siffofin biyu daga falanki, na buga su a kan allon suka yi tudu. Da makahon ya dawo sallar la'asar, ya bi su da yatsa a hankali. Yana kaiwa kan tayar keken ya tsaya, ya yi murmushi.

"Wannan abokina ne," in ji shi. "Ko a katako ba ya zama wuri ɗaya."