Jirgina a Bakin Rumbu

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa guduma ya daddake jirgin ruwan da na ƙera da hannuna, ya yi wa rumbu ƙofa da shi. Bai tambaye ni ba. Na san wani zai ce mutum har da furfura yana riƙe da maganar langa-langa a zuciya. To, ina riƙe da ita.

Ban gama firamare ba aka cire ni, shekarar da Baba ya kwanta ciwo, domin a gandu muke noma kuma hannu ya yi kaɗan. A lokacin akwai wani tsohon soja mai shayi a bakin kasuwarmu, ya manna hoton mujalla a jikin teburinsa: jirgin ruwan yaƙi, bayansa shimfiɗe kamar filin idi, jiragen sama jere a kai. Ya ce daga nan suke tashi, nan suke sauka, a tsakiyar teku. Ya ce mutanen ciki sun fi na ƙauyenmu yawa, har da wanzamai da masu gasa burodi. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, sai abin ya zauna mini a rai.

Na fi rani guda ina haɗa nawa. Gwangwanayen mai da yankakken kwano na tsinto, maƙerin garinmu ya ara mini almakashi, ya koya mini liƙi da dalma. Tsawonsa ya kai tabarma. Na kafa masa hasumiya a gefe ɗaya kamar yadda take a hoton, shi ya sa ranar da na fara saka shi a ruwa ya kife. Sai da na ɗura yashi a ɗaya gefen ya daidaita. Jiragen saman da totuwar kara na yi su, da robar tayar keke nake harba su.

Duk damina idan kududdufi ya cika, ana tashi daga gona sai in ɗauko shi a ka. Yara na bin bayana, manya su tsaya kallo da fartanya a kafaɗa. Yayana ya ƙwalo daga nesa, "Kyaftin, a dawo da runduna gida, awaki ba su ci ba." Har na yi aure ban daina ba. Yanzu ma idan na rufe ido ina jin yadda ruwa ke bugun kwanon nan, ina jin warin laka. A irin wannan yammaci kaɗai nake ganin kamar akwai hanya daga kududdufinmu zuwa teku.

Sai fari ya zo. Kududdufi ya tsattsage, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Na shafe jirgin da baƙin mai na rataye shi a zaure, da niyyar idan ruwa ya dawo, ɗana da ke rarrafe a lokacin ya gan shi yana tafiya. Na tafi cin rani Kano, ina dako a kasuwa. A can na ji a rediyo an yi wa wani jirgi irin na hoton ritaya. Aka ce an yi fareti, an sauke tuta, tsofaffin ma'aikatansa sun zo suna share hawaye, kafin a ja shi zuwa inda za a yayyanka shi. Na ce ashe ko ƙarfe ana yi masa sallama.

Da na dawo, ina shiga gida na hango lambar da na zana wa jirgina da fenti, tana kife a bakin rumbu. Matar yayana ta ce ɓarayin hatsi ne suka yi yawa, kuma ɗan abin da ya rage a ciki iri ne. Ban musa ba. Ɗan nan nawa yanzu ya zama magidanci, idan na ba shi labarin jirgin sai ya gyaɗa kai kamar mai jin tatsuniya.

A ranar da na dawo ɗin, na sami yayana a inuwar dalbejiya yana gyaran garma. Ya ɗago ya ce, "An dawo? Ka ga jirginka ya samu aikin yi. Abin da ke gidan nan ai na gandu ne."

Na ce, "Yaya, ban ce iri bai fi shi ba. Da ka aiko, da hannuna zan zo in kwance maka shi. Kano ba Makka ba ce, mota nawa ke tashi ranar kasuwa, ka rasa direban da za ka ba saƙo? Ka bar ƙofar inda take. Amma bayan girbin bana a kira dattawa su ja mini iyakar gonata. Ba na ƙara noma da kai."