Addu'ar Inna a Jikin Leda

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Ƙulli ta yi tana haɗa kayan shayi, kuma ba ta taɓa sa ko harafi ɗaya a jikin ledarta ba. Farar leda ce fes, kana ganin abin da ke ciki: ganye, citta, kanumfari, ɗan kirfa, da wani abu guda da ko 'ya'yanta mata ba ta faɗa wa ba. Sai ta murɗe bakin ledar ta ɗaure da jan zare, ƙulli biyu, na biyun a karkace. Wannan karkataccen ƙulli shi ne sunanta, shi ne tallarta. Masu kwaikwayo sun yi sun gaji, da ganin nasu ka san ba hannunta ba ne.

Ba sha'awa ce ta sa ta shiga sana'ar ba. Maigidanta direban babbar mota ne, ya fita wata safiya aka dawo mata da hularsa da agogonsa. Ya bar mata 'ya'ya biyar da turmi ɗaya. Da ta fita takaba, ta buɗe tagar ɗakinta mai kallon titi, ta jera ƙulli goma sha biyu a faranti, ta zauna. Da wannan tagar ta aurar da mata huɗu, da ita ta kai Auta makaranta har ya yi digiri.

Kowa yana zuwa tagar nan. Ladan yana saye, mai gadin coci yana saye, haka Sista, wata ma'aikaciyar jinya da ke bayan layinsu, wadda ba ta wucewa da safiyar Lahadi ba tare da ta tsaya sun gaisa ba kafin ta tafi sujada a coci. Inna tana da magana guda da take maimaitawa har yara suka haddace: “Maƙogwaro ba ya tambayar addinin shayi.”

An gwada ta, ba sau ɗaya ba. Wani mai shago ya taɓa ba ta shawara ta buga Bisimilla a jikin ledar, wai za ta fi shiga. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Sunan Allah a ledar da za a yar a kwata? Kai dai sayi naka ka wuce.” Wata shekara kuma wata jam'iyya ta ɗauki jan launi, sai gulma ta tashi wai Inna tasu ce, ga jan zare nan shaida. Da maganar ta iso mata ko ɗaga kai ba ta yi ba daga ƙullin da take yi. Ta ce, “Ku gaya musu zaren nan ya girmi jam'iyyarsu, kuma zai binne ta.” Haka kuwa aka yi.

To, Auta. Duk mai 'ya'ya ya san akwai wanda zuciya take karkata gare shi ko an ƙi ko an so, Inna kuwa ba ta ma ɓoye ba. Shi kaɗai ne namiji, shi ne bai san ubansa ba. Shekarar da ya gama makaranta wani zazzaɓi ya kayar da shi, kwana goma sha tara a asibiti, a ɗakin da Sista take aiki. Ran kwana na sha bakwai likita ya duba shi ya fita bai ce komai ba, irin fitar da uwa take ganewa. Inna ta yi sallar azahar a gefen gadon, ta ɗaga hannuwa, ta roƙi Allah abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba: in dai ran wani za a ɗauka a gidan nan, a ɗauki nata a bar mata yaron. Hawaye har cikin wuyan hijabi. Ta ɗauka barci yake yi. Ashe ya farka, ya lallaɓa wayarsa daga ƙarƙashin matashi ya ɗauke ta hoto.

Bayan an sallame su ya nuna mata. Ga ta nan, fuska a kumbure, hannuwa a sama, ga gefen gadon da ƙafafunsa cikin bargo. Kunya ta kama ta kamar an leƙa ta a banɗaki.

“Goge shi, Auta. Wannan tsakanina da Ubangijina ne.”

“Inna, ki bar mini. Duk ranar da na so in yi abin da bai dace ba, shi zan kalla. Wallahi ido ba zai gan shi ba sai nawa.”

Ta bar masa. Wace uwa ce za ta ji wannan magana ta ƙi?

Da ya warke bai samu aiki ba, sai ya ce zai ɗaga sana'ar gida. Ya kama shago a bayan tasha, ya sayo injin niƙa da injin liƙe leda, ya ɗauki mata shida aiki. Inna ta gaya masa sirrin haɗin nan da ta hana yayyensa. Ya kawo mata samfurin ledar da za a buga: kofi yana tururi, da zanen jan zare a ƙasa. Ta juya ta gaba da baya, ta ce babu laifi, amma sharaɗi ɗaya, ba aya, ba tuta, ba fuskar kowa. Ya ce, “Haba Inna, ni ne fa.” Ita kuma ta ci gaba da ƙullinta a taga, don hannun da ya saba ba ya zama haka nan.

Shekara uku abubuwa suna tafiya. Auta ya yi mota, ya yi aure, ya sa mata fanka da sabon rufi. Duk ledar da ta shigo gidan Inna, mai zanen kofin nan ce. In an yaba shi a gabanta sai ta ce a bari, baki yana da dafi, amma a ranta daɗi kamar ya kashe ta.

Ana saura mako uku zaɓe, Sista ta tsaya a taga da kayan aiki a jikinta, ba ranar Lahadi ba. Ba ta yi gaisuwar da ta saba ba. Ta zaro wata leda daga jaka ta ajiye a kan farantin.

“Inna, ashe kin shiga siyasa ba ki gaya mana ba?”

Inna ta ɗauka ta kai kusa da ido. Ita ce. Hijabinta ne mai ruwan toka, hannuwanta ne a sama, hawayenta ne aka ƙara wa haske har suna ƙyalli. A sama an rubuta da manyan haruffa: ADDU'AR UWA. A gefen dama kuwa, daidai inda gadon yake, babu gado, babu bargo, babu ƙafafun Auta. An share su tas an dasa fuskar wani ɗan takara mai murmushi, da alamar jam'iyyarsa. Duk wanda ya gani zai rantse shi take yi wa kuka.

“A ƙofar asibiti suke rabawa kyauta,” in ji Sista. “Na gane tagar da ke bayanki, ɗakinmu ne. Ina wurin ranar, Inna, ni na ja miki labule. Shi ya sa na ce ba zan ji a bakin kowa ba, gara in zo in tambaye ki.”

Inna ta kafe ledar da ido. Sista ta dube ta ta gane amsar, ta dafa hannunta ta cikin taga, ta tafi.

Washegari da hantsi Inna ta sa takalmi ta ɗauki roba, ta bi titin da aka yi taron kamfe jiya. Ba ta yi nisa ba ta fara ganin kanta. Ga ta a cikin kwata, ruwan wanki yana bi ta kan fuskarta. Ga ta a ƙarƙashin tayar amalanke. Wani ya tofa majina a kan tafin hannunta na dama. Wata akuya tana taunar hijabinta. Ta riƙa sunkuyawa tana ɗauka tana gogewa da gefen zane, tsohuwa mai ciwon gwiwa, har robar ta cika, kuma titin ko alamar raguwa bai yi ba. Wasu matasa a gindin fosta suka gane ta, suka ɗaga mata hannu da alamar jam'iyya suna cewa, “Sai Mama.” Wata mata da ta yi shekara ashirin tana sayen ƙullinta ta hango ta ta tsallaka titi.

Da robar a kai ta isa shagon bayan tasha, wurin da ba ta taka ba tun ranar buɗewa. Injin yana ta ƙara. Doguwar leda tana warwarowa daga wani ƙaton naɗi, fuskarta bayan fuskarta bayan fuskarta, wuƙar injin tana saukowa tana datse ta. Ma'aikatan suka ga wadda suke liƙewa kullum tsaye a kansu, suka sunkuyar da kai. Ɗaya ta kashe injin ba tare da an ce mata ba.

Auta ya fito daga ofis da waya a kunne. Da ya gan ta ya sauke wayar, ya durƙusa.

“Inna, da kin aiko ai da na zo.”

Ta sauke robar a gabansa. “Tun yaushe?”

Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa. Shekara biyu ke nan. Mai kofin ba ta tafiya a garuruwan nesa, sai wani mai buga leda ya ce masa mutane yanzu addini suke son gani a jikin kaya, ko sabulu ne. Ya gwada da hoton, kaya suka tashi. Mai kofin kuwa ya bar ta don unguwarsu kawai, saboda kada ranta ya ɓaci. Da zaɓe ya matso mutanen ɗan takara suka zo da kansu.

“Inna, zamani ne. Kowa haka yake yi. Kuma ai ba zagi ba ne, addu'a ce. Mutane har cewa suke in sun ga hoton suna tuna iyayensu.”

Wai don kada ranta ya ɓaci. Wato shekara biyu yana ware mata ledar da za ta gani, kamar yadda ake ɓoye wa yaro allura. Wannan ya fi hoton ƙona ta, domin ya nuna ya san abin da yake yi tun farko. Ta zaro leda ɗaya daga robar, ta goge laka da babban yatsa, ta nuna masa gefen dama.

“Wa ke kwance a nan?”

Ya kawar da kai.

“Ina tambayarka. A hoton da ka nuna mini, wa ke kwance a nan?”

“Ni ne, Inna.”

“Kai ne. Raina na miƙa a madadin naka a wurin nan. Da wani ne ya sato hoton ya yi haka, da na ce ɓarawo ne na bar shi da Allah. Amma kai da hannunka ka cire kanka ka sa wani.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi masa baki ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce a daina bugawa. Ya ce to, amma an riga an sa hannu a takarda, sai bayan zaɓe, ta yi haƙuri mako uku ne kawai. Ta ɗauki robarta ta fita.

Zaɓe ya zo ya wuce, ɗan takarar ya ci. Inna tana nan a tagarta da farar leda da jan zare, sai dai rabin masu zuwa sun ɗauke ƙafa, waɗanda suka rage kuma wasu sai sun yi mata barka da nasara. Sista ce kaɗai ba ta canza ba. Robar tana ƙarƙashin gado, ta kasa ƙona ledojin, ta kasa zubar da su. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar, in ta idar da salla ta zo ɗaga hannu sai ta ga ledar, sai hannuwan su koma kan cinya.

Wata safiya Auta ya shigo da sabuwar shadda yana ƙamshin turare. An kira shi babban birni, za a ba shi kwangilar kai kayan shayi makarantu da asibitoci, da ledar nan dai, don sun ce ita mutane suka sani. Ya durƙusa a bakin tabarmarta kamar yadda yake yi tun yana firamare in zai shiga jarrabawa, ya miƙo kansa.

“Inna, tafiya ta kama. A sa mini albarka, a yi mini addu'a.”

Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya fara raguwa irin na ubansa. Sannan ta jawo robar daga ƙarƙashin gado, ta zaɓi ledar da ta fi tsabta, ta kama hannunsa ta sa masa a ciki.

“Ga ta nan. Ita ce mafi girma da na taɓa yi maka, ba ni da wadda ta fi ta.”

Ya zauna da ledar a hannu yana jira ta ƙara wani abu. Ta ɗauki zarenta ta ci gaba da ƙulli. Da ya gaji ya tashi, ta ji ƙarar motarsa har ta ɓace a kwanar layi.

Sai a lokacin ta ajiye zaren. Ta rufe taga, ta sa wa ƙofa sakata, ta duba ko'ina a ɗakin kamar mai neman ɓera. Ta fuskanci alƙibla ta ce Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. A zuci ta faɗa, hannuwanta a ɓoye cikin hijabi.