Wayar da ta fi gashi siranta

Ɗan ƙanena ne, amma ni na goya shi. Da ya zo Ɗanzomo hutu daga karatunsa na ƙasar waje, albarkata yake nema kafin ya koma. Na ce sai na ji irin aikin da yake yi can tukuna.

Bayan azahar ne, tsakiyar bazara, ina ɓarar gyaɗa a rumfa. Ya ce, "Gwaggo, waya nake dubawa, irin ta lantarki, sai dai ta fi gashin kanki siranta, ido ba ya ganinta. Kuma sai mun sanyaya ta fiye da ƙanƙara."

"To me ke bi ta ciki?"

"Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, su ne wutar. Hanyar ta yi musu ƙunci, sai su yi layi. Kowanne yana juyi, wani dama, wani hagu."

Na ajiye gyaɗar. Ban yi boko ba, amma na zauna islamiyyar matan aure. Ta fi gashi siranta, ana bi a layi, ga na dama ga na hagu. Na ce, "Kai, wannan ai Siraɗi ne, wanda za mu hau ranar alƙiyama."

Ya yi dariya. "Gwaggo ke nan. Lissafi ne fa."

"Duk suna ƙetarewa?"

Nan dariyar ta ɗauke. Ya ce akwai wani wuri da lissafi ya nuna wutar za ta cika, sai ta tsaya ƙasa da haka, kamar wasu sun toge a bakin hanya. Ko malamansa ba su daidaita kan dalili ba. Wurin yake kallo kullum.

Ni ina da kunne. Da irin muryar nan maza ke magana in sun dawo daga maƙabarta. Na kama hannunsa, ga zafin nan na bazara, amma na ji shi da sanyi kamar gindin randa.

Na ƙi sa masa albarkar har hutun ya ƙare. Shi ma bai matsa ba. Sai ya zauna bakin zaure yana kallon awaki suna shiga ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

Ranar tafiya, ɗan acaɓan da zai kai shi Gumel yana jira a ƙofa, na ga ba zan iya sakinsa haka ba. Na ce, "Je ka, Allah ya yi maka albarka. Amma in ka ga sun toge, kada ka tsaya kallo kawai. Ka roƙa musu Allah ya ƙetarar da su."

Na jira ya yi min dariya. Ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ai na daɗe ina yi."