Awa Ɗaya da Rabi Daga Legas

Shekara ashirin da biyu Gwadabe yana gadin wani kamfanin alewa a Bompai, jirage na wucewa ta saman hularsa safe da yamma, amma ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Duk da haka, in aka zo batun jirgi a teburin mai shayi na Dakata, shi ne shehin malami. Manajansu yakan tafi Legas da safe ya dawo kafin Magariba, rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba, kuma Gwadabe ke buɗe masa ƙofa. A bakin direban manajan ya haddace karatun: Kano zuwa Legas kilomita ɗari takwas da 'yan kai, awa ɗaya da rabi a sama. Yakan ce ranar cunkoso, mai zuwa Challawa a Adaidaita ma ya fi haka daɗewa.

Da wannan karatun ya shawo kan matarsa Rahamatu ta bar ɗansu tilo, Kamilu, ya tafi Legas aikin lodi a tashar jiragen ruwa. Ta ce uwa duniya ce. Ya ce mata ta kira shi tana tuƙa tuwo, kafin ya huce ya iso.

Wata Talata da hantsi Rahamatu ta cika, bayan jinyar kwana huɗu. Abu ɗaya ta roƙa: kada a kai ta sai Kamilu ya zo ya tsaya a kanta ya yi mata addu'a. Gwadabe ya ɗauki alkawari cikin sauƙi, kamar an ce ya miƙo buta.

Ƙarfe goma ya buga wa yaron waya, ya ƙirga da yatsu, ya ga ko da tsayawa cin abinci sha biyu ya shigo Dakata. Limamin unguwa, Malam Ɗayyabu, ya sa jana'iza bayan Azahar. Gwadabe ya roƙa aka ɗaga zuwa La'asar.

Abin da direba bai taɓa gaya masa ba shi ne, jirgi ba motar tasha ba ce da za ka tarar ana lodi ka faɗa. Awa uku Kamilu ya yi a hanya kafin ya ga filin jirgi. Na safe ya tashi tuni. Na yamma aka ɗaga shi, aka sake ɗagawa, babu mai cewa don me.

Aka idar da La'asar, makara na ajiye a ƙofar gida, zafi kamar bakin murhu.

"Allah gafarta Malam, awa ɗaya da rabi ce fa," in ji Gwadabe.

"Tun Azahar kuke faɗin haka, Malam Gwadabe. Ku ji tausayin baiwar Allah nan."

 Gwadabe ya shiga sahu.

Washegari da hantsi Kamilu ya iso, ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce a kai shi ya gan ta. Suka tafi maƙabarta su biyu. Mutum huɗu aka binne jiya a layi guda, ƙasa iri ɗaya, danshi iri ɗaya. Gwadabe ya tsaya ya duba, ya sake dubawa. Jiya hankalinsa na kan waya, bai lura ba.

"Baba, wanne ne?"

Ya nuna na biyu, ya janye hannu, ya ce su dai yi wa duka huɗun.