Biskit ɗin Tuffa a Tukunyar Ƙasa

Ba zan taɓa manta ranar da na fara gasa biskit ba. A Jega ne, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba. Maigidana kuku ne na wani Bature mai rangadi, ni kuwa amarya ce, iyakar gwanintata tuwo da masa.

An aiko wa Baturen gwangwanin busasshiyar tuffa daga ƙasarsu. Da zai tafi Maiyama, ya ce in ya dawo jibi ya iske an yi masa biskit da ita. Washegari jaki ya ka da maigidana a hanyar Alelu, hannunsa na dama ya karye. Aka kai shi Aliero, aka yi masa ɗori, ya dawo da hannu ɗaure cikin karare. Mun san in Bature ya tarar babu biskit, wani zai ɗauka, don masu son aikin suna da yawa.

Maigidana ya sa aka kawo kayan biskit ɗin gida, ya kwanta a tabarma yana ba ni umarni. Na jiƙa tuffar, na yayyanka ta ƙanana, na kwaɓa da garin alkama, man shanu, sukari da ƙwan zabo. Da muka buɗe kwalbar kirfa, sai muka iske babu ko ƙura.

Surukata tana gefe tana kaɗi. Ta leƙa ƙwaryar, ta ce, “Wanga abu salam haka za a kai ma baƙo?”

Maigidana ya ce, “Inna, don Allah ki bari. Bature ba ya son yaji.”

“Kai da ko cokali ba ka iya ɗagawa, yi mana shiru.”

Ta kwance ƙullin da take yi wa kunu, citta da kanumfari da masoro, ta barbaɗa kafin in ce wani abu. A wurinta, rowa ce a ba mutum zaƙi babu yaji. Tuffar kuwa ta ƙare, babu damar sakewa.

Muka zuba yashin gulbi a gindin tukunyar ƙasa, muka ɗora faranti, muka rufe da murfi, na jera garwashi a kai. Ƙamshi ya kai har zauren maƙwabta. Maigidana ya ɗanɗana ɗaya, ya rufe ido, ya ce, “Shi ke nan, aiki ya tafi, in warke in koma noma.”

Da Bature ya dawo, ni na ɗauki kwanon har bariki, yana biye da ni. Bature ya ciji ɗaya, ya yi tari, ya kurɓi shayi. Sannan ya ɗauki na biyu. Ya dubi hannun maigidana, ya tambayi wanda ya gasa. Maigidana ya faɗi gaskiya duka, har da Inna. Bature ya ce in riƙe masa madafa har hannun ya warke, kuma kada a rage yajin.

Inna ba ta yi mamaki ba. Ta ce, “Awo, shi ma baki garai.”

Tun ranar na daina raina abin da ke cikin gidanmu don kawai aikin na baƙi ne. Sai da na yi jikoki na fara cin ɗanyar tuffa. Tana da daɗi, amma har na cinye ina jin tana neman citta.